Kasuwar Lahadi da Sujadar Lahadi: Magana Ta Tsakani da Allah Ga 'Yan'uwana Masu Bi a Illela

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina juya maganar a raina, sai Lahadin da ta wuce da aka raba mana ambulan na baikon godiyar kaka na ga ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Da 'yan'uwana Kirista nake magana, amma maƙwabtanmu Musulmi ma ga fili ga mai doki, domin kasuwa ɗaya muke ci, mudu ɗaya ake auna mana.

Duk wanda ya san Illela ya san ranar Lahadi ce babbar kasuwarmu. Tun daren Asabar manyan motoci ke jeruwa, shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa kara daga Nijar, 'yan canji sun baje sefa da naira, buhunan gero da wake da albasa ko'ina. Mu kuma a daidai wannan lokacin muke cikin majami'a. Kana waƙar yabo kana jin ƙarar tirela a waje. Wani yana addu'a ido rufe, waya tana motsi a aljihu, yaron shago ne ke tambaya ko a sayar ko a dakata. Ban ga laifin kowa a kan wannan ba, neman halak ne. Amma na sha tambayar kaina: cikin biyun nan, wace ce ke koya wa ɗaya darasi? Sujada ce ke bin mu kasuwa, ko kuwa kasuwa ce ta biyo mu har gaban bagade?

Ga abin da ya sa nake tambaya. A shekarar 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, wani ɗan'uwa ya tashi ba da shaida. Ya ce da kaka ya sayi hatsi ya cika sito, ya rufe, ya jira har farashi ya ninka, ya sayar wa masu ƙetarawa da shi. Ya ce Ubangiji ya buɗe masa ƙofa. Aka buga ganga, mata suka yi guɗa, muka tafa. Ni ma na tafa. A bencin da ke bayana akwai wata gwauruwa mai yara huɗu wadda kwana uku kafin nan ta zo gidana neman rancen kuɗin tiya ɗaya ta gero. Ita ma ta tafa, don ta ga kowa yana tafawa. Sai da na koma gida na zauna cin abinci abin ya dawo mani: ƙofar da aka ce an buɗe wa ɗan'uwanmu, a fuskar wannan matar aka rufe ta. Ribarsa daga tukunyarta ta fito. Mu kuma muka sa wa abin suna albarka.

Mu tuna abin da garin nan ya gani cikin 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Illela na ciki, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame hanyar Ƙonni, motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a cikinsu, har sai Maris na 2024 aka buɗe. Naira ta faɗi, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, ya zama duk wanda ya ƙetara da buhu ya dawo da riba mai kauri. A Fabrairun 2024 kowa ya ji labarin motocin hatsi da kwastam suka tare a hanyar Gwadabawa zuwa Illela.

Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, mutum dubu sun kwana da yunwa, mutum goma sun wayi gari da sabuwar mota. Rufe iyaka bai taɓa hana kaya wucewa ba, kuɗin wucewar kawai yake ƙarawa. Mai jarka ya samu, mai babur ya samu, mai tsaron hanya ya samu, mai sa hannu a takarda ya samu. Mu Kirista ba mu da yawa a garin nan, gaskiya ne, amma mu duba inda muke zaune: muna cikin kaki, muna ofisoshi, muna da shagunan magani da na kayan gyaran mota, muna da na'urar POS. Lokacin da mutane ke kwana a bakin banki a 2023, nawa muka riƙa cira a kan kowace naira 10,000? Wanda ya yi ya san kansa. Mun iya kukan ana danne mu, kuma akwai gaskiya a kukan, sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa. Ranar da dama ta zo hannunmu, ba mu nuna wani hali dabam ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce dukiya zunubi ce ba, ban ce talauci tsarki ne ba. Ibrahim mai dabbobi da azurfa ne. Ayuba attajiri ne kafin jarrabawa da bayanta. Lidiya 'yar kasuwa ce, kuma a gidanta masu bi suka taru a Filibi. Fataucin da ke tsakanin Illela da Ƙonni ya girmi layin da Turawan Ingila da Faransa suka ja, 'yan'uwa ne a ɓangarorin biyu, aure ya haɗa, jana'iza ta haɗa. Wanda ya sayi akuya a nan ya sayar a can ya ciyar da iyalinsa, Allah ya ƙara masa. Tambayoyin da bangaskiyarmu ke yi wa kuɗi guda biyu ne kawai: ta ina ka shigo, kuma tsakaninka da mai riƙe da kai wa ke ba da umarni? Yesu ya kwatanta dukiya da maigida mai neman bawa, ya kuma nuna cewa bara ɗaya ba ya iya yi wa iyayengiji biyu hidima. Abin lura, ya yi wannan gargaɗin ne ga almajiransa, waɗanda yawancinsu ba su da komai. Wato kwaɗayi ba ya tambayar nawa ne a asusunka. Mai albashin 70,000 yana iya zama bawan kuɗi fiye da mai tirela goma.

Ku buɗe littafin Amos sura 8 ku karanta da kanku. Annabin yana faɗa ne da 'yan kasuwar hatsi masu zuwa sujada, waɗanda ke zaune a wurin ibada suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma awo, suna tauye mudu, suna ƙara farashi, suna haɗa hatsi da dusa su sayar wa matalauci. An rubuta wannan shekaru sama da 2,700 da suka wuce, amma in ka karanta sai ka rantse mutumin ya taɓa cin kasuwar Illela. Kwanon da aka bubbuga gindinsa, buhun wake da aka sa mai kyau a sama, man da aka gauraya, maganin da kwanansa ya ƙare aka goge kwanan watan: duk algus ne, ko da mai yin sa yana cikin ƙungiyar mawaƙa.

Wani zai ce, to ajiye hatsi laifi ne? Ai Yusufu ma ya tara a Masar. Haka ne, kuma kowane manomi mai hankali yana da rumbu. Bambancin yana wurin buɗewa. Yusufu ya tara shekara bakwai, da yunwa ta zo sai ya buɗe rumbuna. Mai arzikin da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 12 shi ma ya tara, har ya yi niyyar rushe rumbunansa don ya gina manya, amma a duk lissafinsa babu mutum ko ɗaya sai shi kansa, kuma a daren da ya gama lissafin aka karɓi ransa. Karin Magana sura 11 ta nuna cewa mai ɓoye hatsi tsinuwar jama'a yake tarawa. Ka tara don iyalinka su kai damina, wannan hikima ce. Ka tara kana addu'a a zuci farashi ya hau, kana jin daɗi in an ce ruwa ya yi gardama, to ka sani kana fatan yunwar maƙwabcinka ne. Kuma mun ga yadda ta kaya. Waɗanda suka ga ribar 2024 suka ci bashi suka cika sito, da farashin hatsi ya faɗo a 2025 da yawa sun tafka asara, wasu har yanzu suna ɓuya wa masu bin su. Garin neman ƙiba aka samo rama. Ban faɗi haka don dariya ba, akwai waɗanda nake ƙauna a cikinsu.

Yanzu bari in zo kanmu, mu ma'aikatan gwamnati, don kada a ce na ɗora wa 'yan kasuwa kaya na tsallake nawa. Littafi Mai Tsarki ya san garuruwa irin namu. Matiyu a teburin karɓar haraji yake zaune a Kafarnahum lokacin da aka kira shi. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, garin da fatake ke ratsawa da kaya. Da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya umarce su kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙage, kuma albashinsu ya ishe su. In da yau ne Yahaya ya tsaya a hanyar Sakkwato zuwa Illela ya yi wannan wa'azin daga shinge zuwa shinge, ban san ko zai kai Kware ba.

Ni ma ba tsarkakakke ba ne. Shekarun baya, a inda nake aiki, wani ya kawo takarda da ba ta cika ba, ya ajiye ambulan a ƙarƙashinta, ya ce na goro ne. A makon nan ana neman kuɗin makarantar yara biyu, ga mahaifiyata a asibiti. Na ɗauka. Na ma cire zakka a ciki na kai majami'a, ina lallashin zuciyata wai na ba Allah nasa. Bayan wata biyu mutumin ya dawo da wata takardar da ta fi ta farko lalacewa, wannan karon ko sallama bai yi da ladabi ba. Na buɗe baki zan ƙi, ya dube ni ya yi murmushi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ranar na gane ba goro na karɓa ba, kaina na sayar, kuma da araha. Sai da na nemo kuɗin na mayar masa, na sha gori da barazana, kafin na iya sake duban mutane ido cikin ido a ofis. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha ba kaina ita: albashi ba ya isa. Gaskiya ne, ba ya isa. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗin. Gwamnatin da ke biyan ma'aikaci abin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba, sannan ta ɗora shi a kan hanyar da miliyoyi ke wucewa, tana da nata alhakin, kuma Littafin da muke karantawa bai yi shiru a kan masu danne hakkin ma'aikaci ba. Mu nemi hakkinmu da babbar murya. Amma mu tambayi kanmu, kuɗin da muke karɓa a hanya daga aljihun gwamnati yake fitowa? Direba yana ƙara shi a kuɗin mota, ɗan kasuwa ya ƙara a kan buhu, mai awo ta ƙara a kan tiya, a ƙarshe gwauruwar nan ce ke biya. An zalunce mu daga sama, mun juya mun rama a kan wanda ke ƙasa da mu. Sannan in da yunwa ce kaɗai dalili, da wanda ya gina gida na biyu ya daina. Ba ya dainawa. Ruwan gishiri ne, kana sha ƙishirwa na ƙaruwa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba a wannan zancen, wato iyalanmu. Ranar da aka ji an tura ɗanmu aiki boda, a gida har murna ake yi, ana cewa Allah ya kashe ya ba shi. In ya je Kirsimeti bayan shekara uku a motar haya, sai a fara gunaguni: wane da aka tura tare da shi ya yi rufin kwano, ya sayi fili a Abuja, shi wannan ko wawa ne ko marowaci. Uwa ta faɗa, mata ta faɗa, dattijon ikkilisiya ya aiko da takardar gudummawa mai lamba da ta fi albashinsa na wata uku. Babu wanda ya ce masa ya yi sata, amma kowa ya nuna masa ba a son ya dawo hannu wofi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke tura yaranmu da irin wannan nauyi, muna da kaso a zunubin.

Ikkilisiya ma sai ta duba kanta. Yaƙub ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba su bar matalauci a tsaye, amma mu mun mayar da abin tsari. A taron tara kuɗi ana kiran suna da adadi a lasifika, ana buga ganga daidai girman kuɗin. Mai naira 500 ya noƙe, ya ji kamar bai zo ba, alhali Yesu gwauruwa mai 'yan kobo biyu ya yaba a Haikali. Ba na jin an taɓa mayar wa wani da baikonsa don an san ta inda ya samo shi. Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, baransa Gehazi ya bi ta baya ya karɓo, ya kwashi kuturta tare da kayan. Yau Gehazi ne za mu naɗa shugaban kwamitin gini. Ga kuma wa'azin da muke sha a waya da talabijin, mai cewa ka shuka iri ka girbe mota, in kana talauci bangaskiyarka ce ta gaza. Wanda aka raina da irin wannan koyarwa, me zai hana shi faɗawa tarkon masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu? MMM ta rufta da mutane a Disamban 2016, ba mu ɗauki darasi ba, CBEX ta sake kwashe wasu a Afrilun 2025. Sau da yawa ɗan'uwa ne ke jawo ɗan'uwa, a harabar majami'a, bayan an tashi sujada.

Ba haka muka gada ba. Ku tsallaka Ƙonni ku kama hanyar Madawa, za ku iske asibitin Galmi da mishan na SIM suka buɗe a 1950. Mutanen yankin nan nawa ne, Musulmi da Kirista, suka je can suka dawo da lafiya? Ku tuna Amanawa kusa da Sakkwato, inda aka riƙa jinyar kutare lokacin da danginsu ma ke gudunsu. Abin da aka san masu bi da shi ke nan a ƙasar Hausa: jinya, makaranta, riƙon amana. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da ake ba ɗan mishan ajiyar kuɗi ba tare da an ƙirga ba. A garin da ba ka da yawa, ba ka da sarauta, ba ka da kujera, halinka shi ne wa'azinka. In ya zube, lasifika ba za ta maye gurbinsa ba.

Kuma maganar ta wuce kuɗi, ta kai ga jini. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki, daga Sabon Birni zuwa Isa zuwa Goronyo, har ƙauyukan da ke kewaye da mu. Babur ɗin ɗan bindiga ba da ruwa yake tafiya ba. Wani ne ya sayar da man, wani ya sayar da ƙwayar, wani ya ga kayan ya kau da kai don an sa masa wani abu a hannu. Ban nuna kowa da yatsa ba. Ina cewa ne duk wanda ya saba da karɓa ba tare da tambaya ba, wata rana zai karɓi kuɗin da za a sace ɗan'uwansa da shi, sannan a zo majami'a ana tara kuɗin fansa, shi ma ya jefa nasa.

Gwauruwar da na ambata, kun san wanda ya riƙe ta har kaka? Wani dattijo Musulmi mai awo a kasuwa. Ya riƙa ba ta gero bashi, bai ƙara mata ko sisi a kan farashin ranar da ta ɗauka ba. Da na je yi masa godiya sai ya ce, “Malam, wanga abu ba komi ba ne, likkafani ba shi da aljihu.” Na dawo gida da kunya. Mu da muke da labarin Basamariye mai kirki a hannu, mu ne muka ratse ta gefen hanya.

To me nake roƙo? Abubuwa kaɗan ne, kuma duk muna iyawa. Shugabanninmu su daina kiran adadin baiko a lasifika, kowa ya ba da nasa tsakaninsa da Allah. Kafin a ba mutum dama ya yi shaidar riba, dattawa su tambaye shi cikin ƙauna ta ina ta fito. Daga hatsin godiyar kakar bana, a ware rabo na gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira kafin a yi maganar fenti da tayil, kuma kada a tambayi addinin mai yunwa. Iyaye da mata, in naku ya dawo daga boda da albashinsa kaɗai, ku tarbe shi da daraja, ku gaya wa yara wannan shi ne abin koyi. Mu ma'aikata kuma, wanda ya san akwai abin wani a hannunsa ya tuna Zakka. Da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya a hawaye ba: ya raba rabin dukiyarsa ga matalauta, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tuban da bai taɓa aljihu ba, da saura. In ninki huɗu ya fi ƙarfinmu, mu fara da ninki ɗaya.

Ambulan ɗina na godiyar kaka yana nan a kan tebur, ban sa komai ba tukuna. Ina so abin da zan sa a ciki ya zama wanda zan iya faɗin asalinsa a gaban matar nan ba tare da na sunkuyar da kai ba. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya gafarce ni, da kaina na fara. Ubangiji ya ba mu abincin yini, ya ba mu wadar zuci, ya kawo mana zaman lafiya a Illela da Ƙonni da ƙasa baki ɗaya. Amin.